Sawu a Hurumin Kwarin Goruba

Kwarin Goruba,
ta hanyar Yusufari.
6 ga Agusta, 2023.

Zuwa ga Kawu Ɗangoggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da maƙwabtanka na Kuchigoro. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sosai bana, gero ya kai ƙugu. Ƙafar Inna Luba ta yi sauƙi, har takan saci jiki ta tafi rijiya idan ba ma nan.

Na san za ka ce wace ce wannan. Ni ce Safara'u, 'yar Luba ta uku, wadda ka bari da giɓi tana shekara takwas. Yanzu ina koyarwa a firamaren garin nan, ina da 'ya'ya biyu. Na so in kira ka a waya, Inna ta ce kada in wahalar da kaina, tun da ka yi aikin fasa dutse a Mpape kunnenka ya daina jin maganar waya. Mu ma sai mun hau tudu muke samun sabis. Shi ya sa na ba Badaruddeen direba, tunda ya ce yakan gan ka kusa da tashar Jabi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Shekara huɗu da suka wuce yashi ya binne gonaki uku a arewacin gari, ya doshi rijiya. Bulama ya tara jama'a aka yarda a killace filin da ke tsakanin babban tudu da kwari da shingen ƙaya, ya zama hurumi: ba kiwo, ba sara, ba farauta. Kawu, da za ka gan shi yau ba za ka gane shi ba. Ciyawa ta riƙe yashin, aduwa da bagaruwa sun tofo daga tsofaffin kututtura, wasu sun fi ni tsawo. Mu huɗu aka zaɓa mu riƙa zagayawa, ni ce mai riƙe littafi. Kullum da safe kafin makaranta mukan bi shinge, mu rubuta duk sawun da muka gani. Zomo ya dawo, da bushiya, da yanyawa, da zabin daji.

Mako uku ke nan muna ganin sawun kofato a ciki. Mutane suka ce akuya ce. Rugar da ta fi kusa da shingen ita ce ta Malam Zakariyya, sai aka ɗora masa. Ya rantse a gaban Bulama ba a yarda ba. Yanzu wasu na cewa in dai awakinsa na shiga, su ma za su ɓalle shinge su shigar da nasu. Bayan girbi za a zauna a yanke shawara. Idan maganar ta tabbata a kansa za a ce ya tashi, shekara goma sha bakwai yana wurin, kuma na san daga ranar hurumin ya watse.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta da zancen akuya ba. Na yi kiwo ina yarinya, wannan sawun ya fi na akuya siranta. Amma maharban da za a tambaya duk sun rasu. Da na gaya wa Inna sai ta ce, "Akwai wani rago a Abuja yana shayar da furanni, a da babu wanda ya kai shi karanta ƙasa. Rubuta masa, in bai manta ba." Haka ta faɗa, ta ce kuma kada in rage ko kalma ɗaya.

Na zana sawun a bayan takardar nan daidai girmansa. Don Allah ka duba mana.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Safara'u.

*

Kuchigoro, Abuja.
17 ga Agusta, 2023.

Zuwa ga 'yata Safara'u,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na yi murna ƙwarai da jin lafiyarku. Ni ma lafiya, sai ɗan ciwon baya na ɗaukar bokiti. Ki yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koya, ina da furfura.

Ki fara gaya wa Luba cewa ragon ya ji saƙo. Ki tuna mata ranar da ta ga damo a bakin rumbu ta hau katanga ta ƙi saukowa har azahar. Ita ce ta laƙa mini sunan nan na Ɗangoggo, don uwata goggonta ce, yanzu ga shi ko a Abuja babu wanda ya san sunana na yanka.

Gaskiya ne furanni nake shayarwa. Ina aiki a lambun wata mata 'yar Filato, Madam Perpetual, a bakin titi kusa da tafkin Jabi. Muna renon tsirrai a leda, masu manyan gidaje su tsaya da mota su saya. Jiya wani oga ya ce in ba shi itacen da ba ya zubar da ganye, ba ya tara tsuntsu, kuma ba ya son ruwa. Na ce masa sai dai falwaya. Madam ta harare ni, amma da ya tafi ta fi ni dariya.

A gindin wani mangwaro na karanta takardarki. Na juya bayanta na ga zanen, na daɗe ban motsa ba, har Madam ta ce, "Baba, wannan wasiƙa ya kawo lafiya?" Na ce lafiya, gida ne ya tuna da ni.

Ina da zato, amma ba zan faɗa ba tukuna, don maganar ta shafi zaman mutum da iyalinsa. Sawu ɗaya ba ya isa shaida. Ga abin da za ki yi. Ki fita lokacin da rana ta ɗan ɗago, ki sa sawun tsakaninki da rana, inuwa za ta fito miki da bakinsa. Ki duba ko gaban kofaton mai tsini ne ko mai dakushi. Ki auna da tafin hannunki daga taku zuwa taku. Ki duba ko ƙafar baya tana sauka cikin sawun ta gaba. Sannan ki bi shi, kada ki taka, ki ga yadda yake tafiya. Akuya ba ta da mutunci a tafiya, nan ta ciza, can ta koma, kuma da wuya ki gan ta ita kaɗai. Ki duba ko akwai sawun mutum ko na sanda a bayansa. Idan kin ga kashi ki ɗebo mini kaɗan a kwalin ashana. Kada ki ji kunyar Badaruddeen, ya ɗauko abin da ya fi wannan.

Ki gai da Malam Zakariyya. Na san mahaifinsa, ya taɓa ba ni nono da fura a ranar da na kusa mutuwa da ƙishi a bayan tudu. Ki ce masa ya yi haƙuri ya kame bakinsa, kada ya biye wa kowa.

Kin ce aduwa ta fi ki tsawo a wurin. Na karanta layin nan sau uku. Lokacin da na baro, ko abin da za a yi asuwaki da shi babu.

Naki,
Kawu Ɗangoggo.

*

Kwarin Goruba.
3 ga Satumba, 2023.

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai ƙaramin ɗana da ya yi zazzaɓi kwana biyu, ya warke. Inna ta ce ba damo ba ne, guza ne, kuma kai ne ka fara gudu.

Na yi duk abin da ka ce. Ranar farko na tsaya rana na bayana ban ga komai ba, sai da na zagaya, sawun ya fito kamar an buga hatimi. Gabansa mai tsini ne, a haɗe, ba a buɗe ba. Tsakanin taku da taku tafin hannuna uku da ɗan ƙari. Ƙafar baya tana sauka daidai cikin ta gaba. Na bi shi ya fi taku ɗari biyu a miƙe, bai karkata ba sai a gindin wata aduwa. Babu sawun mutum, babu na sanda. A gindin aduwar na ga kashi a tare wuri guda, sabo a kan tsoho, kamar da gangan ake zuwa. Ga shi nan a kwalin ashana. Badaruddeen ya tambaye ni mene ne, na ce tsaraba ce.

Amma abubuwa sun ɗan yi tsami. Ranar kasuwa matan gari sun ƙi sayen nonon matar Malam Zakariyya, ta koma da ƙwaryarta a cike. Na bi ta na saya. Shi kuma ya daina zuwa masallacin gari, a ruga yake salla. An ce ya fara tambayar hanyar Gaidam.

Mutanen ƙungiyar da ke taimaka mana da shuka sun ce za su kawo mana wasu kayan aiki ƙarshen wata. Ban san ko za su yi amfani ba. Kai nake jira.

'Yarka, Safara'u.

*

Kuchigoro, Abuja.
12 ga Satumba, 2023.

'Yata Safara'u,

Na gode Allah da yaro ya samu sauƙi. Ni lafiya.

Barewa ce.

Na buɗe kwalin a bakin famfo, na murza ɗaya a yatsa na shinshina. Madam ta gan ni ta ce, "Baba, ka fara shan magani na gargajiya?" Na ce mata wannan ya fi magani. Ƙanana ne, masu ɗan tsini a gefe guda, a bushe, don barewa ba ta damu da ruwa ba, raɓa da ganye sun ishe ta. Kuma ita ce ke da ɗabi'ar komawa wuri ɗaya. Akuya duk inda ta ga dama take yi.

Safara'u, shekara ashirin da uku rabon da a ga sawun nan a ƙasarmu. Daga arewa ta gangaro, ta tarar da wurin da babu kare, babu gatari, ta zauna. Aikinku ne ya kira ta. Ranar nan na shayar da layin fulawa ɗaya sau biyu ban sani ba.

Ki kai wa Bulama takardar nan. Na san wasu za su ce maganar tsoho ce da ke zaune a birni, sai sun gani da ido. To ga yadda za a gan ta. Wannan aduwar ita ce wurinta. Za ta zo da sanyin safiya, daga inda iska ke kaɗo mata. Wanda zai jira ta ya zauna ta ƙasan iska, kada ya sa turare, kada ya sa farin kaya. In an yi haƙuri kwana uku ko huɗu ba za a rasa ta ba.

Ki ce wa Zakariyya ya bar tambayar hanyar Gaidam.

Kawunki.

*

Kwarin Goruba.
1 ga Oktoba, 2023.

Kawu,

Gaisuwa. Duk muna lafiya. A tsaye nake rubutu a kan bayan mota, Badaruddeen yana ta danna mini oda.

Albishirinka. Mun ɗana tarkon a gindin aduwar, daidai inda ka ce. Kwana biyar shiru. Ranar Talata da safe ya kama ta. Kuma ba ita kaɗai ba ce, har da ɗanta, ɗan ƙarami, ƙafafu kamar tsinke. Gari duk ya ɗauka, mutane sai tururuwa suke a ƙofar Bulama kowa na son ya gani. Ba don kai ba da ba mu same ta ba.

Sauran labari sai takarda ta gaba.

Safara'u.

*

Kuchigoro, Abuja.
9 ga Oktoba, 2023.

Safara'u,

Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya, amma tun da takardarki ta zo abinci bai yi mini daɗi ba.

Wa ya ce ku ɗana mata tarko? Na ce a zauna a gan ta. Ban ce a kama ta ba. Na ba Madam lambarki ta kira ya fi sau goma, ba ta shiga. Na je tashar Jabi in hau mota, aka ce Badaruddeen sai jibi, kuma ko na taso yau na san na makara. In tana da rai, don girman Allah ku sake ta. Ku kai ta gindin aduwar ku kwance ta ku juya baya. In ƙafar ta karye a ɗaure da kara da tsumma. Ɗan kuma kada kowa ya riƙa shafa shi, kuma kada a raba su ko na yini ɗaya.

Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, don ki san dalilin da ya sa hankalina ya tashi haka. Shekarar da na baro gida, da bazara, saura barewa ɗaya a dajinmu. Na sani, don ni na ƙarar da sauran. Na bi ta kwana biyu na gano wurinta, a gindin wata aduwa, kamar wannan. Na ɗana mata tarkon waya. Da safe na tarar da ita a kwance ƙafa ta karye, ɗanta na tsaye a gefenta. Da ya gan ni bai gudu ba, bai san abin da ake gudu ba tukuna. Na yanka ta, na saɓo shi a kafaɗa na kawo gida. Ya ƙi shan nonon akuya. Kwana uku ya yi. Daga nan na yi wata biyu ina zagaya daji ban sake ganin sawu ko ɗaya ba, sai nawa.

Na gaya wa mutane yunwa ce ta kore ni. Gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba. Shi ya sa ko da aka yi rasuwar yayanki ban zo ba, na aiko da gaisuwa kawai. Ba na son in ga filin nan.

Da takardunki suka fara zuwa na ɗauka Allah ya ba ni dama in gyara kaɗan. Yanzu ga shi da hannuna na sake nuna wurin. Laifin ba naki ba ne, ke ba ki sani ba. Ni da na san abin da mutane ke yi in sun ga nama, ni ya kamata in yi shiru.

Ki rubuto mini gaskiya, ko wace iri ce.

Ɗangoggo.

*

Kwarin Goruba.
24 ga Oktoba, 2023.

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an gama yankan gero, rumbuna sun cika. Kafin komai: tana nan da ranta, ita da ɗanta, babu wanda ya taɓa ko gashin jikinsu. Ka leƙa cikin ambulan ɗin ka duba hoton da na saka kafin ka ci gaba da karatu.

Ka gani? Wannan shi ne kamun. Kawu, ka yafe mini, gaggawa ce ta sa na rubuta maka rabin magana. Kayan aikin da na ce za a kawo mana, wata 'yar na'urar ɗaukar hoto ce, girmanta bai wuce sabulun wanki ba. A jikin itace ake ɗaure ta, duk abin da ya gifta sai ta ɗauke shi da kanta. Wanda ya kawo ta ya ce sunanta tarkon hoto, mu kuma muka gajarta muke cewa tarko. Na manta ban taɓa gaya maka ba. Abin da mutane suka yi tururuwar gani a ƙofar Bulama hoto ne a waya. Takardarka kuma ta yi kwana tara a hanya, motar Badaruddeen ta lalace a Potiskum. Da na lissafa kwanakin da ka yi cikin wannan hali sai da na yi hawaye.

Na karanta wa Inna, ka yi haƙuri, ban iya riƙewa ni kaɗai ba. Da na kai wurin tarko ta yi dariya har da riƙe ciki. Da na kai wurin ɗan barewa ta daina dariyar. Can ta ce, "Wai shi a tunaninsa ba wanda ya sani? Wa ya tatso nonon akuyar? Ni ce na kwana uku ina ɗiga masa da tsumma. Kuma naman uwar, gida biyar aka raba, har da namu, yara sun yi kwana biyu ba su ci komai ba kafin nan. Ki ce masa kowa ya ci, ba shi kaɗai zai ɗauka ba." Ta kuma ce shekara ashirin da uku ta isa, ka zo ka ga jikoki.

An yi zaman ranar Asabar a gindin tsamiyar Bulama. Na karanta takardarka ta biyu, aka zagaya da hoton hannu zuwa hannu. Da ya kai ga Malam Zakariyya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, wannan ce akuyar tawa?" Aka yi dariya, amma wasu kansu na ƙasa. Wanda ya fi kowa zafi a maganar ya tashi ya ba shi hannu a gaban jama'a.

Ba a rabu ba sai da aka ja. Masu dabbobi suka ce ga ciyawa har gwiwa a cikin shinge, in rani ya yi nasu za su rame suna kallo. Suna da gaskiya. Malam Zakariyya ne ya kawo mafita: a ƙara wa hurumin shekara uku, dabba ba za ta shiga ba, amma da rani kowane gida ya shiga da lauje ya yanko daga gefen kudu, a bar gefen aduwar. Aka amince. Yanzu shi ne na biyar a masu zagaye, kuma ya fi mu duka ido. Nonon matarsa kuwa kafin azahar yake ƙarewa.

Bulama ya ce in roƙe ka ka zo ko na mako guda ka koya mana karatun ƙasa. Ni ba roƙo nake ba, na riga na gaya wa Badaruddeen ya ajiye maka gidan gaba.

'Yarka, Safara'u.

*

Kuchigoro, Abuja.
28 ga Nuwamba, 2023.

Zuwa ga 'yata Safara'u,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya ranar Alhamis da la'asar. Ina fatan na bar ku lafiya. Ki gai da maigidanki da yara, ki gode masa da ya bar mini ɗakinsa kwana tara. Dabinon da Luba ta ɗaure mini na raba wa maƙwabtana 'yan Gwoza, aduwar kuma na kai wa Madam. Ta tsotsa ɗaya ta yamutsa fuska ta ce, "Baba, wannan ne kuke kewa?" Yanzu ta shanye rabin leda.

Na gode da yadda kuka karɓe ni. Ban zaci akwai wanda zai gane ni ba, sai ga tsofaffi suna kirana da sunan da na manta ina da shi. Ki gaya wa Luba ta ji daɗinta, ta samu abin tsokana har ƙarshen rayuwa: kwana tara ina fita hurumi, ke kin gan ta, Zakariyya ya gan ta sau biyu, har matar da ta je yankan ciyawa ta gan ta, ni ban gan ta ba. Ta ce wai barewar ta ji labarina ne. Na yi dariya tare da ku, amma abin ya ɗan taɓa ni.

Akwai abin da ban gaya miki ba ranar da zan taho, don ban so in faɗa a gaban mutane ba. Da safen nan, kafin mota ta cika, na koma ni kaɗai. Na bi hanyar da na bi da yammacin ranar da ta gabata, ina ganin sawun takalmina na roba, wanda babu mai irinsa a garin. Kusa da aduwar sai na ga nata a kan nawa. Ba giftawa ta yi ba. Ta tsaya, ƙafafun gaba a haɗe, ga alamar hancinta a yashi inda ta shinshina. Sannan ta bi sawuna taku goma sha ɗaya, a hankali, ba taku na tsoro ba, ɗan yana gefenta yana tsalle-tsallensa. Daga nan suka karkata suka shiga ciyawa. Na zauna a wurin har rana ta fara zafi. Na yi addu'ar da zan yi. Ban gan ta ba, amma na taso zuciyata wasai.

Na yi magana da Madam. Na ce mata idan Allah ya kai mu watan Afrilu zan koma gida. Ta yi fushi yini guda. Washegari ta zo da buhu cike da baƙar ledar reno ta ajiye a gabana ta ce, "Ka je ka yi lambu a can. Amma za ka koya wa wanda zai zauna a wurinka kafin ka tafi." Saboda haka ku fara tara mini iri tun yanzu: aduwa, bagaruwa, kurna, magarya. A shanya a inuwa. Ki roƙa mini Bulama ɗan fili kusa da rijiya. Wanda ya iya raya furen Turawa a bakin titin Jabi ba zai kasa da bagaruwa a ƙasarta ba.

Saura abu ɗaya, kuma wannan aikinku ne, ku biyar ɗin da kuka wuce shi kullum ba ku gani ba. Da na tashi daga gindin aduwar ban dawo ta hanya ba, na bi shingen gabas. A inda ƙayar ta ɗan kwanta akwai wani sawun. Ya fi nata faɗi da kusan rabin yatsa, ya fi nutsewa, takunsa ya fi tsawo. A kusa akwai wata 'yar bagaruwa da aka goge wa ɓawo da ƙaho. Sawun na kwana biyu ne ko uku, kuma shiga ya yi, ban ga inda ya fita ba. Ku mai da tarkon naku can, ku ɗaure shi daidai gwiwa.

Ki gyara littafinki. Su uku ne.

Naki har kullum,
Kawu Ɗangoggo.